Alexander Anderson: Ɗan manomin da ya sa shinkafa ta fashe kamar gugguru

A ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana, ba a rasa mai soya gugguru a bakin kasuwa. Masarar gugguru tana fashewa ne saboda ɓawonta mai tauri yana tsare tururin da ke cikin ƙwaya har sai ya fi ƙarfinsa. Shinkafa da alkama ba su da irin wannan ɓawo, don haka ba sa kumbura haka a tukunya. Mutumin da ya warware wannan matsala shi ne Alexander Pierce Anderson.

An haife shi ranar 23 ga Nuwamba 1862 a jihar Minnesota ta Amurka. Iyayensa manoma ne da suka yi ƙaura daga Suwidin. Ya daɗe yana noma da koyarwa a makarantun karkara, sai da ya doshi shekara talatin sannan ya shiga Jami'ar Minnesota, inda ya kammala karatun ilimin tsirrai a 1894. Daga nan ya tafi birnin Munich na Jamus ya yi digirin digirgir.

A watan Disamba 1901, yana bincike a lambun nazarin tsirrai na New York, ya zuba garin sitaci a bututun gilashi, ya toshe shi, ya gasa, sannan ya fasa gilashin da guduma. Nan take sitacin ya kumbura ya zama fari sol, mara nauyi. Ɗan ruwan da ke cikinsa ne ya rikiɗe tururi a lokaci guda, da zarar matsin ya sauka.

Har yau a kan wannan ƙa'ida masana'antu ke aiki. Ana zuba hatsi mai ɗan danshi a tukunyar ƙarfe mai murfi gam, a hura mata wuta har matsin ya ninka na iskar waje sau da yawa, sai a buɗe murfin farat ɗaya. Hatsin ya fito da ƙara kamar ta bindiga, ya ninka girmansa. Tukunyar ce ke yin aikin ɓawon masara. Daga nan sai a busar, a zuba a kwali.

Kamfanin Quaker Oats ya rungumi fasahar, kuma a bajekolin duniya na St. Louis a 1904 aka nuna wa jama'a ita da bindigogin tagulla guda takwas. Da farko a matsayin abin taɓa-ka-lashe aka sayar da shinkafar, kafin ta koma abincin karin kumallo da ake ci da madara.

Anderson ya gina ɗakin bincikensa a Red Wing, kusa da mahaifarsa, ya ci gaba da gwaje-gwaje har tsufansa. Ya rasu ranar 7 ga Mayu 1943.

Gero da dawa ma suna kumbura ta wannan hanya. Hatsin da manomin Ruma ke sayarwa da tiya, shi ne irin wanda ɗan kasuwa ke saye da tsada idan ya dawo a kwali.