Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

Da wuya a sami wani daga cikinmu, mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, wanda bai taɓa shiga birnin Zariya ya ga babban masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau ba. Sai dai ba kowa ya san cewa a da, a cikin ginin sumuntin nan da aka saba hange daga waje, akwai wani tsohon gini na ƙasa da azara, wanda ya yi fiye da shekara 170 a tsaye ba. Wanda ya gina shi shi ne Babban Gwani. Waɗansu littattafai suna kiransa Muhammadu Durugu, waɗansu kuma Malam Mika'ilu, amma laƙabin ya rinjayi sunan, har unguwar da zuriyarsa ke zaune a birnin Zariya ma da shi ake kiranta. Tun da yake a cikinmu yanzu akwai injiniyoyi da 'yan kwangila da ma'aikatan da takardun biyan kuɗin gini ke bi ta teburinsu, na ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan bawan Allah.

Babban Gwani ya yi zamani da sarakunan farko na bayan jihadi. Malam Musa ya riƙe Zazzau daga 1808 zuwa 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sa'an nan Abdulkarim, wanda gidan Katsinawa ya soma daga kansa, ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A zamanin Abdulkarim ne aka gina masallacin. Akwai ruwayar da ke danganta maginin da Sakkwato, watau cewa a wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya fara yin suna kafin ya zo Zazzau. A wancan lokaci gini sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya daɗe a haka kafin a bar shi ya hau katanga, ya ƙara daɗewa kafin a amince masa da rufi. Kalmar gwani kuwa abokan sana'a ne da jama'ar gari ke ba mutum ita bayan sun ga aikinsa ya sha damina da yawa bai motsa ba.

Domin a gane girman abin da ya yi, sai an san kayan da yake aiki da su. Ba shi da sumunti, ba shi da rodi. Abin da ke hannunsa shi ne jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, da tubali da aka shanya a rana, da azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina don hana ruwa shiga. To, ita azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta haka kawai aka ɗora mata ƙasa, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan ne ya sa ɗakunan soro na talakawa suke da ƙunci. Mai son babban zaure dole ya nemi wanda ya iya bakan gizo.

Yadda ake yin bakan gizo shi ne a kafa azara a jikin bango ko ginshiƙi daga ɓangarori biyu, a ɗan karkatar da ita ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, sa'an nan a bari ta bushe. Idan ta bushe a ƙara wani sahu a kanta wanda ya fi na farko karkata, a sake jira. Haka za a yi ta yi har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Ba a kafa wani katako a ƙasa ya tallafe aikin, saboda haka magini yana saman abin da ya gina jiya ne yake gina na yau. In ya yi gaggawa ya hau ɗanyen aiki, ko ya karɓi azarar da ba ta ƙosa ba, shi ne farkon wanda zai faɗo. A ganina babu wata jarrabawa da ta kai wannan tsanani. Kuma aikin na rani ne. In damina ta kawo kai sai a dakata, ko da mai gini yana ƙagare.

Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe ɗakin salla mai faɗin da zai ɗauki sahu-sahu na masallata. Ya tsayar da manyan ginshiƙai, ya fitar da bakuna daga jikinsu zuwa kowace fuska, ya ɗora tulluwa a kansu, ya jera azarar rufi cikin tsari mai ban sha'awa, ya kuma yi wa ginshiƙan zane mai zurfi. A da, wanda ya tsaya a ciki ya ɗaga kai yakan iya bin nauyin rufin da ido, daga tulluwa zuwa baka, daga baka zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa ƙasa. Babu abin da aka ɓoye. Mutanen zamaninsa da suka ga haka sai suka riƙa cewa da dare yake aiki, aljanu na taya shi. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya yi digirinsa na uku a kan gine-ginen ƙasar Hausa a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1981, ya yi nazari a kan irin wannan alaƙa da jama'a ke ƙullawa tsakanin gwaninta da aljanu. Mu dai da muka zauna ajin kimiyya mun san sunan aljanin, watau sanin iyakar kayan aiki da haƙurin jira.

Wani abin lura shi ne a haɗe da masallacin an gina ɗakin shari'a. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan lamunin mai sana'a game da abin da aka damƙa masa, da kuma hukuncin katangar da ta karkata aka gargaɗi mai ita bai gyara ba har ta faɗa wa wani. Tun kafin su ma, dokokin Sarki Hamurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun yanke kisa ga maginin da gidansa ya rushe ya kashe mai gidan. Amma abin da ya fi ɗaure magini irin Babban Gwani, a nawa tunanin, ya fi kotu kusa. Garinsu ɗaya da masu shiga ginin. 'Ya'yansa da jikokinsa a ƙarƙashin rufin za su yi salla, su ne kuma za a kira su yi yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. In ginin ya faɗi, sunan gidan ne ya faɗi.

Sunansa ya kai nesa da Zazzau. Ana danganta masa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, wanda kuma yake cikin gine-ginen farko da gwamnati ta sa a jerin kayan tarihi na ƙasa a 1956.

Ƙarshen rayuwarsa, kamar yadda labarin baka ya zo da shi, ba mai daɗi ba ne. An ce sarkin Birnin Gwari na lokacin ya kira shi ya yi masa gini, da aka gama ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Larabawa suna da labari irin wannan a kan Sinimmar, wanda ya gina wa Sarki Nu'umanu fadar Hawarnaƙ aka jefo shi daga samanta. Yawan maimaituwar labarin a ƙasashe daban-daban ya nuna matsayin mai sana'a a gaban mai iko da mai kuɗi: ilmin nasa ne, amma umurni na wani ne. Injiniyan yau ba a kashe shi, sai dai a ce ya rage rodi, ko ya ƙara bene a kan harsashin da ba a yi don haka ba, in ya ƙi a nemi wani. A watan Fabrairu na 2020 wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta takardar janye hannunsa daga wani dogon gini da ke titin Gerrard a Ikoyi, Legas, saboda ba zai iya lamunce ingancin aikin ba. Aka ci gaba da gini ba tare da shi ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 benen mai hawa 21 ya rufto, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Ga shi kuwa tun 1958 aka kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, tun 1970 kuma dokar soja mai lamba 55 ta kafa hukumar COREN mai yi musu rajista. Takarda da hatimi ba su yi ƙaranci ba.

Shi kuwa masallacin Babban Gwani, hannun mutane ya taɓa shi. A shekarun 1970, da jama'a ta yi yawa, aka rushe sassansa na waje aka yi sabon gini na zamani, aka bar ɗakin salla na asali a ciki. Allah ya sa kafin nan masana sun auna shi sun zana. J. C. Moughtin ya yi bayaninsa a littafinsa na gine-ginen Hausa na 1985, shi kuma Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya sa magina sun gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Duk wanda aiki ya kai shi Jos ya daure ya shiga ya gani. A wannan garin ne dai, a unguwar Busa Buji, benen makarantar Saints Academy ya rufta wa ɗalibai suna cikin aji da safiyar 12 ga Yuli 2024, aka rasa rayuka 22. Binciken farko na Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya ya nuna kankaren ginin ba shi da ƙarfi.