Elino ta Akwiten, Sarauniyar Ƙasa Biyu

Cikin tarihin Turai ba a cika samun mace wadda aurenta ya ta da ƙura kamar Elino ba. An haife ta wajen shekarar 1122. Ubanta, Wilyam, shi ne babban hakimin Akwiten, watau wata ƙasa mai faɗi da albarka a kudu maso yammacin Faransa. Da ya rasu a 1137 bai bar ɗa namiji ba, sai Elino ta gaji ƙasar duka tun tana yarinya. A zamanin nan kuwa, wanda ya auri magajiya shi ke riƙe ƙasarta.

Cikin wannan shekara aka ɗaura mata aure da Luwi na Bakwai, wanda ya zama Sarkin Faransa. Suka zauna shekara 15, har ta bi shi yaƙi zuwa ƙasar Sham a 1147. Amma zaman bai yi daɗi ba, ga shi kuma 'ya'ya mata biyu kaɗai ta haifa masa, shi kuwa magaji ya ke nema. A 1152 manyan limaman coci suka raba auren, bisa dalilin cewa akwai dangantaka ta kusa tsakaninsu. Elino ta koma gida da ƙasarta.

Ba a yi wata uku ba sai ta auri Henri, mai mulkin Nomandi da Anju, saurayi ɗan shekara 19. Luwi ya fusata ya ɗaura yaƙi, amma da-na-sani ƙeya ce. A 1154 Henri ya zama Sarkin Ingila. To, a nan rigima ta ke. A Ingila Henri sarki ne, ba kowa bisansa. A Faransa kuwa bara ne, dole ya yi wa Luwi caffa saboda ƙasashen da ya ke riƙe, alhali ya fi ubangidan nasa ƙasa da dukiya. Ina za a sami zaman lafiya a haka?

Elino ta haifa wa Henri 'ya'ya takwas. A 1173 uku cikinsu suka tayar wa ubansu, da goyon bayan Luwi, ita kuma ta ba su hannu. Henri ya ci nasara, ya tsare ta wajen shekara 16, sai da ya mutu a 1189 ɗanta Ricad ya sake ta.

Tsufa bai sa ta zauna ba. Sa'ad da aka kama Ricad a Ostiriya a 1192, Filib na Biyu, ɗan Luwi, ya sami hanyar kai wa Nomandi hari. Elino ce ta tsaya aka tara kuɗin fansa, ta tafi Jamus da kanta ta dawo da ɗanta a 1194. Bayan Ricad ya rasu a 1199, ta tsaya wa ƙaninsa Jon. A 1200, tana kusa da shekara 80, ta ƙetare duwatsu zuwa Sifen ta ɗauko jikanyarta Bilanshi, aka aurar da ita ga ɗan Filib domin a sami sulhu.

Sulhun bai daɗe ba. Elino ta rasu a watan Afrilu na 1204, cikin shekarar nan kuwa Filib ya ƙwace Nomandi daga hannun Jon. Amma wani yanki na Akwiten ya saura a hannun sarakunan Ingila, aka yi ta jayayya a kansa, sai a 1453 Faransa ta karɓe shi, a ƙarshen Yaƙin Shekara Ɗari.

Malamin da zai koya wa yara wannan yaƙi, ya kyautu ya fara daga auren 1152, gama nan ne Akwiten ta shiga hannun gidan sarautar Ingila. An binne Elino a Fontebro cikin Faransa, kusa da mijinta Henri da ɗanta Ricad.