Seyni Kountché: Sojan da ya miƙa wa 'yan kokowa takobi

An haifi Janar Seyni Kountché a Fandou a 1931, ya ƙwace mulkin Nijar ranar 15 ga Afrilun 1974, ana tsakiyar fari. Mutum ne marar wasa, 'yan adawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. Zaman kashe wando ma bai ƙyale ba. Ya farfaɗo da samariya har ƙauyukan Magaria, wadda Dungass ke ƙarƙashinta a lokacin: gayya da rana, dandali da dare.

A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Saurayi mai ji da ƙarfi ya samu fagen gwada ƙwanji gaban alƙalin wasa, maimakon alƙalin kotu.

Ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987.