Arnold Berthold: Likitan da ya gano cewa faɗan zakaru a jini yake

A ranar 2 ga watan Agustan 1848, lokacin da ƙasashen Jamusawa ke cikin guguwar juyin juya hali, wani malamin jami'a a garin Gottingen ya kama samarin zakaru shida ya yi musu tiyata. Sakamakon da ya samu bai wuce shafuka ƙalilan ba da ya rubuta shi, kuma kusan babu wanda ya kula. A yau masana da dama na ɗaukar wannan ɗan rubutu a matsayin gwajin farko na ilimin homon, wato sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini domin su isar da saƙo daga wata gaɓa zuwa wata.

Sunan malamin Arnold Adolph Berthold. Ya rasu bai taɓa jin kalmar homon ba, balle testosteron, amma duk wata muhawara da ake yi yanzu kan ko wannan sinadari ne ke sa maza zafin kai da son faɗa, asalinta na komawa ga zakarunsa.

An haife shi a ranar 26 ga Fabrairun 1803 a garin Soest da ke yankin Westfaliya. Mahaifinsa kafinta ne, gidansu ba na masu hali ba. Ya shiga Jami'ar Gottingen a 1819 domin karatun likita, ya kammala a 1823. Daga nan ya ƙaro ilimi a Berlin da Paris, inda ya saurari darussan Georges Cuvier, babban masanin halittar dabbobi na wancan zamani, kafin ya koma Gottingen, garin da ya ƙare rayuwarsa a ciki.

Mutum ne mai taɓa nan ya taɓa can. A 1829 ya fitar da littafin koyarwa kan yadda jikin mutum da na dabbobi ke aiki. Ya yi rubutu kan matsalar rashin ganin nesa da kan tsirowar gashi da farce, ya kuma bayyana wasu nau'o'in macizai da kwaɗi ya ba su sunayen kimiyya. A 1834, shi da wani matashin masanin sinadarai mai suna Robert Bunsen, wanda daga baya aka sa wa murhun ɗakin gwaji sunansa, suka nuna cewa wani haɗi na ƙarfe yana karya gubar asanik. A idon mutanen zamaninsa, wannan maganin guba ya fi zakaru muhimmanci nesa ba kusa ba. Ya zama cikakken farfesa a 1836, kuma bayan rasuwar Johann Blumenbach a 1840 aka damƙa masa kula da tarin dabbobin jami'ar.

Zakaru shida

Cewa fiɗiya na sauya halin dabba ba sabon labari ba ne. Duk mai kiwo ya san bambancin bunsuru da taure, ya kuma san dalilin da ya sa ake dandaƙe san da za a ɗaura wa garma. Aristotle ya rubuta a kai fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Abin da ba a sani ba shi ne ta wace hanya 'ya'yan maraina ke iko da murya da jiki da hali. Yawancin likitoci sun ɗauka ta jijiyoyin saƙo ne, waɗanda ke haɗa gaɓoɓi da laka da ƙwaƙwalwa.

Berthold ya raba zakarun gida uku. 'Ya'yan marainan tsuntsu a cikin ciki suke, kusa da ƙoda, don haka sai an buɗe ciki ake kai gare su. Biyu na farko ya cire musu duka. Biyu na gaba ya cire musu ɗaya ɗaya, ya bar ɗayan a cikin cikinsu. Na ƙarshen su ne abin kallo: ya cire musu duka, sannan ya yi musu musanya, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ta wannan ya ajiye tsakanin hanjin wancan, ta wancan kuma a cikin wannan, ya ɗinke.

Sai ya zuba ido.

Biyun da aka raba da komai sun girma da ɗan ƙaramin zanko mai koɗaɗɗen launi, da murya maras armashi. Ba su damu da kaji ba, kuma matsorata ne. Sukan yi faɗa jefi-jefi, shi ma sama-sama. Sauran huɗun, har da waɗanda ke ɗauke da ƙwayar da ba tasu ba, sun tashi cikakkun zakaru. Zankonsu ya girma, suna cara da ƙarfi, suna bin kaji, suna gwabzawa da junansu da sauran zakaru.

A ƙarshen Janairun 1849 ya yanka biyun da aka yi wa musanya ya duba cikinsu. Ƙwayoyin da ya dasa sun kama a jikin hanji, jijiyoyin jini sun shiga cikinsu, har suna yin maniyyi. Amma jijiyoyin saƙonsu na asali an yanke su tun ranar tiyata, kuma ga su a wurin da ba nasu ba. Hanya ɗaya ce ta rage tsakaninsu da sauran jiki. Berthold ya yanke hukuncin cewa 'ya'yan maraina na yin tasiri a kan jini, jinin kuma ya yi tasiri a kan jiki baki ɗaya, har da ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta.

Kyawun gwajin na cikin sauƙinsa. Babu na'ura mai tsada, babu lissafi mai wuya. Wuƙa ce da zare da haƙurin wata shida. Likitan tiyatar nan na Birtaniya, John Hunter, ya taɓa dasa marainan zakara tun a ƙarni na 18, sai dai shi dashen ne ya dame shi, bai kai ga batun jini ba.

Abin mamaki, Berthold bai ci gaba da binciken ba. Abokin aikinsa a Gottingen, Rudolph Wagner, ya gwada maimaita dashen bai yi nasara ba, hakan ya ƙara sanyaya gwiwar masu sha'awa. Berthold ya koma kan dabbobinsa da koyarwa, har ya rasu a farkon 1861 yana da shekara 57. Sai a farkon ƙarni na 20 aka tono takardar tasa, bayan Ernest Starling ya gabatar da kalmar homon a Landan a 1905.

Abin da ke cikin jinin

An ɗauki shekara 86 kafin a kama abin da Berthold ya yi hasashe. A 1935 tawagar Ernst Laqueur a Amsterdam ta tace shi daga marainan shanu ta sa masa suna testosteron. A shekarar ce kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa da tawagarsa, suka haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma su biyun aka ba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 1939. Zakara bai fita daga labarin ba: a shekarun neman sinadarin, masu bincike na auna ƙarfin abin da suka tace ne da yadda yake girmar da zankon fiɗiyayyen zakara.

A 1939 masanin dabbobi Warder Allee da abokan aikinsa a Chicago suka yi wa kajin da ke ƙasa a jerin cin zalin garke allurar testosteron. Kajin suka fara cin faɗa, suka hau sama. Daga irin wannan ne ra'ayin nan ya kafu a zukatan jama'a, cewa testosteron sinadarin faɗa ne kawai, mai yawansa shi ne mai rigima.

Binciken da ya biyo baya ya rage wa wannan ra'ayi kaifi. A wani gwaji da aka yi da birai a Ingila a shekarun 1970, namijin da aka ƙara wa sinadarin ya ƙara cin zali, amma na ƙasa da shi yake ci, na sama da shi kuwa bai daina ba su hanya ba. Sinadarin ya hura wutar da ke akwai ne, bai sauya tsarin garken ba. A 1990 John Wingfield da abokansa, bayan nazarin tsuntsayen daji, suka nuna cewa alaƙar na tafiya ta ɓangare biyu: ƙalubale daga wani namiji kan wuri ko kan mace yakan sa sinadarin ya hau, ba wai hawansa kaɗai ke jawo faɗan ba.

A wurin ɗan Adam alaƙar ma ta fi rauni. Mata ma jikinsu na yin testosteron, ko da yake bai kai na maza yawa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2010 daga Zurich, an ba wasu mata sinadarin, wasu kuma aka ba su abin da ba magani ba, sannan aka sa su wasan rabon kuɗi. Waɗanda suka sha na gaske sun fi yin rabon adalci. Waɗanda kuwa suka yi zaton sun sha, ko da ba su sha ba, su ne suka fi yin rowa. Sunan da sinadarin ya yi ya fi shi kansa ɓata hali. Masu binciken sun fassara sakamakon da cewa abin da testosteron ke zaburarwa shi ne neman matsayi da kare shi, kuma a inda adalci ke sayo girma, can zai tura mutum. A tsibirin Cebu na Filifin kuma, binciken da ya bi samari sama da 600 na tsawon shekaru ya gano a 2011 cewa sinadarin na sauka sosai idan suka yi aure suka haihu, musamman ga masu ba da lokaci wajen rainon 'ya'yansu.

Wanda ya koma ga takardar 1849 zai ga cewa Berthold bai ware faɗa shi kaɗai ba. Ya jera shi ne tare da cara da zanko da neman kaji, a matsayin sassan zama zakara a cikin garke, kuma ya lura cewa fiɗiyayyun ma ba su daina faɗa ɗungurungum ba. Masu yaɗa labarin daga baya ne suka riƙe faɗan suka saki sauran, wataƙila domin shi ya fi daɗin faɗi.

Ƙungiyar masana homon ta Jamus na ba da wata lambar yabo mai ɗauke da sunansa ga fitattun masu bincike a fannin.