Malam Aminu Kano: Wakilin talakawa a majalisar Legas

An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai da alƙalai. Bayan ya kammala Kwalejin Kaduna sai ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi ƙarin karatu Landan.

A 1950 ya ajiye aikin malanta a Maru, ya rungumi jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan shekarar, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Abin da NEPU ta sa a gaba shi ne yaƙi da zaluncin En'e, aikin tilas da harajin da ke tatsar talaka. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala saboda wannan aƙida.

Kujerar majalisa ba ta zo masa da sauƙi ba. A zaɓen 1954 Maitama Sule na NPC ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci mazaɓar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya, a ƙawance da NCNC, ya kuma rasa kujerar a 1964. Daga 1967 ya riƙe ma'aikatar sadarwa, sannan ta lafiya, a gwamnatin Janar Gowon.

A 1978 ya jagoranci kafa PRP. Bai ci shugabancin ƙasa a 1979 ba, amma jam'iyyarsa ta lashe Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A 1980 gwamnatin Kano ta ayyana 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, hutun da leburorin masana'antun Sharada, Challawa da Bompai ke mora har yau. Daga bisani jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu shi ne Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero. Shekara biyar kacal ya yi a majalisa, bai kuma tara dukiya ba. Matashin Ɗorayi da zai kaɗa ƙuri'a yana da ma'aunin da zai auna wakilinsa da shi.