Alhaji Abubakar Imam, Mai Littafin Ikon Allah

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, Arewacin Najeriya, a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Galibi an san shi da Magana Jari Ce, mai aku da zane-zane. Amma mu nan Kwadaso, wanda ya fi kama mana rai shi ne Ikon Allah, da suka rubuta wa yara shi da Dokta East a Zariya: labarin halitta iri-iri, dabbobi da tsirrai, da Hausa. Kimiyya ce fa, amma dubi sunan da suka ba ta! Lokacin iyaye da yawa na gudun boko, sai ga littafin da ba sa ƙyamar sunansa. Ƙannenmu kam yau da Turanci suke koyon wannan. Ya rasu a Zariya a 1981. Allah Ya jiƙansa.