César Milstein: Masanin da ya ba likitoci hanyar karanta alamomin sankarar jini

Duk wanda aka taɓa ɗiga wa jini a kan ɗan tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, a kemis ɗin Ojota ko a asibitin Agege, ya ci moriyar aikin César Milstein, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Aikin nan ne kuma ya ba likitoci damar bambance masu sankarar jini da cutarsu za ta yi gaggawa da waɗanda za ta yi wa jinkiri.

An haifi Milstein ranar 8 ga Oktoba, 1927, a garin Bahía Blanca na Ajantina. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Yukren, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, sannan ya tafi Cambridge a Ingila a 1958, inda ya haɗu da Fred Sanger. Ya koma gida a 1961 don shugabantar wani sashe a cibiyar bincike ta Malbrán, amma bayan juyin mulkin soja na 1962 aka kori shugaban cibiyar da wasu abokan aikinsa. Sai ya ajiye aiki ya koma Cambridge a 1963, can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A 1975, shi da wani matashi Bajamushe, Georges Köhler, suka haɗa ƙwayar saifar ɓera, mai samar da sinadarin kariya da ake kira antibodi, da ƙwayar sankara wadda ba ta daina hayayyafa. Ƙwayar da ta fito daga wannan haɗi ta gaji halayen biyu: tana ta yaɗuwa, tana kuma fitar da antibodi iri ɗaya tak, mai manne wa alama ɗaya tak. Hukumar Birtaniya da ke da alhakin rajistar ƙirƙira ba ta yi wa fasahar rajista ba, abin da aka yi ta sukarsa daga baya, sai dai hakan bai hana ta bazuwa a ɗakunan gwaji na duniya ba.

Kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum, haka kowace farar ƙwayar jini ke ɗauke da alamomi a jikinta, kuma da antibodin Milstein ake karanta su. An ba alamomin lambobi masu farawa da CD. Amfaninsu ya fito fili a cutar CLL, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini mai tafiyar hawainiya, wadda ta fi kama manya. A ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyinta kusan kamarsu ɗaya da lafiyayyu, amma idan aka ga CD5 da CD19 da CD23 tare a jikin ƙwaya ɗaya, an gano ta.

Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne halin cutar. Wani majinyaci zai shekara 20 ba ya buƙatar magani, wani kuwa kaluluwa da saifa su kumbura, jini ya ƙare cikin shekaru kaɗan. A 1999 masu bincike a New York suka nuna cewa waɗanda kashi 30 cikin 100 ko fiye na ƙwayoyinsu ke ɗauke da CD38 su ne cutar ta fi yi wa sauri. Alamomin sun zama wurin saƙon magani kuma: rituximab na kama CD20, alemtuzumab, wanda aka ƙirƙiro a Cambridge, na kama CD52, kuma Amurka ta amince da shi don CLL a 2001.

Milstein ya karɓi kyautar Nobel a 1984 tare da Köhler da Niels Jerne. Köhler ya riga shi rasuwa a 1995 yana da shekara 48. Shi kuwa ciwon zuciya da ya daɗe yana fama da shi ya yi ajalinsa a Cambridge ranar 24 ga Maris, 2002, yana da shekara 74, ya bar matarsa Celia, wadda ita ma masaniyar garkuwar jiki ce.